Inda Na Sauke Auta

Litinin, da hantsi

An sallamo ƙanena Auta daga asibiti jiya. Da ƙafarsa ya shigo gida, ya ƙi yarda kowa ya riƙe shi, har ya tsaya ya yi wa maƙwabciyarmu barkwanci a bakin ƙofa. Yana shiga ɗakinsa kuwa ya kwanta ya juya fuska bango. Hannun dama a naɗe yake tun daga gwiwar hannu har kan yatsu, an rataye masa shi a wuya.

Ba zan rubuta yadda abin ya faru ba. Kowa a layinmu yana da nasa labarin babur ɗin da ruwan saman ranar, ban ga dalilin ƙara nawa ba. Su biyu ne a kai, shi da abokinsa Dogo. Su kaɗai suka san gaskiya, kuma ba wanda ya buɗe baki a cikinsu.

Mama ta ce in tafi aiki, zaman tagumi ba ya haɗa ƙashi. Ga ni a shagon buga katuna, wani ango ya tsaya a kaina wai furen katinsa bai isa ba. Na ƙara masa fure har sunansa ya kusa ɓacewa. Ya ce yauwa.

Talata, da yamma

Ya ci rabin abincinsa da hagu. Cokali ya yi ta faɗuwa, Mama ta yi ta yin kamar kunnenta ya toshe.

Ubangidansa na shagon aski ya zo dubiya. Mutumin kirki ne, amma bakinsa ya fi hankalinsa sauri. Yana cewa za su taimaka da abin da ya samu, sai ya ƙara da wai ai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ya faɗa kafin ya ji abin da ya faɗa. Na ga gumi ya keto masa. Auta ya ce, "Haka ne, maigida," ya ja bargo.

Dogo bai zo ba.

Laraba, lokacin hutun rana

Na biya shagon gem, wato wasan kwamfuta, na bayan tasha, inda Auta ke wuni duk ranar da ba ya aski. Ina shiga mai shagon ya ɗaga murya, "Ga Yaya mai taswira!" Aka matso mini da kujera.

An ce yabon kai jahilci ne. To yau zan yi jahilcin, tunda ba mai karantawa. Gem ɗin da suke bugawa na mutum biyar da biyar ne, kowane ɓangare yana neman ya sato tutar ɗaya ya kawo gida. Masu gem ɗin sun bar ƙofa ga duk mai son gina nasa filin wasan, shi muke kira taswira. A duk unguwar nan ni kaɗai nake ginawa. Kasuwar nan mai lunguna da suke bugawa kullum, tawa ce. Tashar jirgin ruwan da ta sa wani ya fasa kibod don haushi, ita ma tawa ce. Da rana in zana wa mutane fure, in na tashi in gina garuruwa. Gasar shagon ta ƙarshen wata ma a kan sabuwar taswirata za a yi ta.

'Yan tawagar Auta suna can lungu sun yi jugum: Tela, da tagwayen nan masu gyaran waya. Auta ne maharbinsu, kuma ba don ƙanena ba ne, ba a taɓa yin kamarsa a shagon nan ba. Na biyar ɗinsu Dogo ne. Kujerarsa ita ma wayam.

Tela ya ce, "Yaya, mu janye ne kawai?"

Na ce, "Wa ya ce ku janye?"

"To da wa za mu buga? Ɗaya ba hannu, ɗaya kuma..." Ya haɗiye sauran.

Na ce su bar sunansu inda yake. Ban san me zan yi ba, amma na faɗa da muryar wadda ta sani.

Alhamis, bayan la'asar

Mun koma asibiti. Likita ya yi magana a kan jijiya, doguwar magana. A hanyar dawowa mai tasi ne kaɗai ya yi ta zance.

Juma'a, da safe

Tun da na farka abin yake cina. Harbi a gem da maus ake yi, aikin dama ne. Tafiya kuwa, gaba, baya, kwana, tsalle, duk a kan kibod suke, ƙarƙashin yatsun hagu. Hannun hagun Auta lafiyarsa ƙalau.

Matsalar ita ce gem ɗin ba ya shawara da kowa. Da an fara wasa sai ya watsa mutane kamar an watsa wa kaji tsaba: kai sauka nan da bindiga, kai can da jakar magani, kai kuma je ka tsaron tuta. Inda mutum yake faɗowa a farkon wasa, kuma yake dawowa duk lokacin da aka kashe shi, ni masauki nake ce masa. Abin da nake so shi ne in ɗaure kowa da masaukinsa da aikinsa, yadda in Auta ya shiga, ba inda zai sauka sai inda na shimfiɗa masa tabarma.

Ban taɓa yi ba. Zan iya.

Asabar, da yamma

Gwajin farko, a shago, Auta bai sani ba.

Na ɗaure kowane masauki da lambar shiga: na farko nan, na biyu can. Ashe lambar ba ta mutum ba ce, ta wanda ya riga danna maɓalli ce. Tela sarkin rawar kai ya riga kowa, ya tsinci kansa a wurin da na tanadar wa Auta. Na gyara nan, can ta ɓalle. Tagwaye suka sauka a tabo ɗaya, ɗaya cikin ɗaya, suka zama mutum guda mai kai biyu da ƙafa huɗu, ba gaba ba baya. Mai shago ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Gem ɗin ma ya gane ciki ɗaya suka fito." Daga baya Tela ya sauka a ƙasan kogi yana kallon kifi.

Ban yi fushi ba. To, na ɗan yi. Na zauna na bi dokokin taswirar layi-layi har na gano bakin zaren: a daina kallon wanda ya riga shiga, a kalli sunan da mutum yake wasa da shi. In suna kaza ya shigo, a ɗauke shi a ajiye a masauki kaza, a ba shi kayan aiki kaza, a hana shi sauran. Na kuma sa gem ɗin ya ɗan dakata kafin ya raba mutane, don kowa ya gama shigowa. Muka sake. Kowa ya sauka daram inda na ce. Muka hautsina jerin shiga, Tela a ƙarshe, tagwaye a gaba. Duk da haka daram.

Mai shago ya ce, "Yaya, ke fa anya mutum ce?" Na ce ya miƙo lemo mai sanyi ya bar zance.

Lahadi, da hantsi

Na gina wa Auta hasumiya a tsakiyar fili. Daga samanta ana ganin komai. Aikinsa ido ne: ya hango abokan gaba, ya danna maɓalli ɗaya alama ta hau kansu, ya faɗa wa 'yan uwansa. Ba bindiga, ba maus.

Na kai masa laftof har ɗaki. Ya ce in fita da ita. Na ce a ɗakinsa ne kaɗai intanet ke kamawa. Ya ce ƙarya nake. Muna cikin haka Mama ta shigo da kwandon wanki, ta ce, "Ba ni nan, ni in buga. Wanne ake dannawa a kashe mutum?" Ta zauna da gaske, ta sa abin kunne na sauraro a baibai. Auta ya kalle ta, ya sake kallonta, ya ce, "Mama, don Allah, da sunana fa aka shiga. Za ki zubar mini da mutunci." Ya jawo laftof ɗin.

Na fita na tsaya a baranda. Can sai na ji, "Tela, bayanka! Bayanka na ce, kai kurma ne?" Muryar nan tasa mai cika gida. Mama tana shanya, ta tsaya da riga a hannu, ruwa yana ɗiga a ƙafarta, ba ta ko motsa ba.

Ya cinye abincinsa tas. Ni na yi wannan. Ni.

Litinin, da yamma

Ya sake bugawa, mai shago da kansa ya cike gurbin Dogo. Sun ci wasa bayan wasa. Yau a wurin aiki ko mutumin da ya ce in rubuta masa tarihin kakanninsa a katin kasuwanci bai ɓata mini rai ba.

Talata, bayan magariba

Na dawo na tarar da laftof a rufe, an ajiye ta a bakin ƙofar ɗakina.

Na same shi zaune a gefen gado. Ya ce, "Yaya, ina matakalar?"

"Wace matakala?"

"Ta hasumiya. Ta ina abokan gaba za su hawo su same ni?"

Na buɗe baki, ya riga ni.

"Na leƙa ta kowane gefe. Ba matakala, ba tsani. Na sa Tela ya koma ɓangarensu ya harbe ni, harsashi yana wucewa ta cikina kamar hayaƙi. Tun shekaranjiya ba a kashe ni ba, ni kuwa ina ta washe baki, na ɗauka iyawa ce."

Na ce na yi ne don ya fara sabawa tukuna.

Ya ce, "Kin ɗora ni a kan kanta kamar kwanon ado. A waje ana lallaɓa ni, a gida ana lallaɓa ni, a gem ɗin ma?"

Bai ɗaga murya ba. Da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi.

Laraba, da rana

Bai ci abinci ba.

Alhamis, da safe

Taswirar ba ta da aibu. Duk abin da na ce ta yi, ta yi. Tun jiya nake nanata wa kaina haka, har a gaban madubi.

Na rushe hasumiyar. Ginin da ya cinye mini dare guda, dannawa ɗaya ya tafi.

Juma'a, da rana

Na je gidan burodin da Dogo ke aiki. An ce a ƙafa yake zuwa yanzu, duk nisan nan. Na same shi a baya wajen tanda, fulawa har gira. Yana ganina tiren hannunsa ya karkace. Ya rame, sai tsawon ya ƙara fitowa. Tabo ɗaya ne a haɓarsa, ɗan ƙarami, sai taɓa shi yake kamar mai son ya goge.

"Yaya, ina wuni. Ya mai jiki?"

"Mai jiki yana inda ka san yake."

Ya sunkuyar da kai. "Na sha zuwa har bakin layinku in juya. Da wane ido zan kalle shi? Da wane ido zan kalli Mama?"

Na ce, "Ni ba idonka na zo nema ba. Hannunka na dama nake so, aro."

Ya ɗago. Na yi masa bayani. Zan sa mota a taswirar, buɗaɗɗiyar baya, ita kaɗai za ta iya ɗauko tuta ta tsallako gada kafin a tare ta. Mutum biyu take ɗauka. Direba yana tuƙi, ba ya harbi. Na baya yana harbi, ba ya tuƙi, inda aka kai shi nan zai je. Masaukinsu ɗaya. In an kashe su, tare suke dawowa.

Ya ce, "Wa zai tuƙa?"

Na ce, "Ba kai ba."

Ya juya wajen tanda. Sannan ya naɗe burodi biyu masu zafi a takarda, ya ce in kai wa Mama, kada in ce daga ina. Bai ce zai zo ba.

Mama ta gutsura, ta tauna, ta ce, "Yaron nan har yanzu hannunsa yana da nauyi a gishiri." Ta cinye nata, ta ajiye ɗayan a ƙofar Auta.

Asabar, da yamma

Na gama. Kuma wannan karon ban tausaya wa kowa ba. Garejin motar yana fili fetal, inda harsashi ya fi zuba. Gadar ƙunci gare ta, ba shinge hagu ba shinge dama, ƙasa rami. Kafin a hau ta akwai kwana mai kaifi kamar gwiwar hannu. Motar kuma tana kamawa da wuta in ta sha harbi. Duk abin da na yi wa wannan ɓangaren na yi wa wancan, mota da mota, gareji da gareji.

Abin da ya ba ni wuya shi ne sauke mutum biyu a masauki ɗaya ba tare da sun manne ba. Sai na daina sauke su a ƙasa, na sa kowa ya faɗo kai tsaye a kan kujerarsa: sunan Auta a sitiyari, sunan Dogo a bayan bindiga. In aka kashe ɗaya, zai jira ɗan uwansa a gareji. Wallahi da na gwada na ga ya zauna, sai da na tafa wa kaina, ni kaɗai a ɗaki.

Na ƙwanƙwasa ƙofar Auta. Takardar burodi tana kan tebur, ba burodi. Na zayyana masa komai, ban rage ko ɗaya ba. Na ce za a kashe shi, kuma za a yi ta kashe shi. Na faɗa masa sunan da na ɗaure a kujerar baya.

Ya dubi takardar burodin. Sannan, "Ya yarda?"

"Bai ce a'a ba."

"Bai ce eh ba ke nan."

Na juya zan fita, ya ce, "Yaya. Motar tana da birki?"

Na ce tana da shi, ƙarƙashin babban yatsa. Ya ce in bar laftof ɗin.

Lahadi, da la'asar

Wuni ya yi yana tuƙi shi kaɗai. Ya faɗa ramin nan har na gaji da jin ƙarar. Kujerar baya wayam.

Litinin, da yamma

Ya fara cin kwanar ba tare da ya taka birki ba. Ni da na gina ta ban san ana iya haka ba. Ya ce gadata ta karkace kaɗan a tsakiya. Na ce idonsa ne ya karkace. Na duba daga baya. To, kaɗan ne ƙwarai.

Kujerar baya wayam.

Talata, bayan la'asar

Na dawo da wuri, ina zaune a ɗakinsa ina ɗinke masa igiyar rataya da ta tsinke. Bai sa abin kunne ba, don haka ina jin muryoyin 'yan shago ta cikin laftof. Ana shirin farawa sai wani suna ya hau sikirin. Mutum ya faɗo tim a kujerar baya.

Tela ya ce, "To, ga mu mun cika biyar."

Na ga wuyan Auta ya sandare. Ya tada mota. Ba sallama, ba ina wuni. Abin da kawai yake fita bakinsa shi ne, "Hagu." "Kan rufi." "Riƙe." Dogo kuwa duk inda aka ce, nan yake zuba wuta. Suka kutsa gidan abokan gaba, suka ɗauko tuta, suka juyo ana binsu. Auta ya shigo kwanar da gudun da ya fi ƙarfinta. Taya ɗaya ta zame. Motar ta yi sama, ta juya, ta tafi ramin da su biyun.

Sikirin ya yi baƙi, ana jiran a dawo da su gareji. Allurar tana hannuna na kasa motsa ta. Ba abin da ake ji sai numfashin Dogo daga can, sama-sama.

Auta ya ce, "Dogo."

"Na'am."

"Kunnen doki ke nan. Ka kayar da ni, na kayar da kai: ɗaya da ɗaya."

Wani sauti ya fito daga laftof ɗin, ban san ko dariya ce ko kuka ba, ina jin shi ma mai shi bai sani ba. Can Tela ya ce, "Kai malam, za ka jiƙa wa mai shago kibod." Sikirin ya yi haske, ga su a gareji, kowa a kujerarsa.

Auta ya share hanci da kafaɗa, ya ce, "Zauna da kyau."

Laraba, da yamma

Dogo ya zo gida. Ya durƙusa tun daga bakin ƙofa ya fara, "Mama, ni dai..." Ta ce, "Tashi, ka tare mini hanya. Dube ka kamar sandar shanya. Wanke hannu ka zo." Sai da ta ga ƙasan kwanonsa ta bar shi ya shiga wurin Auta.

Sun rufe ƙofa, sun daɗe. Ban saurara ba. Na wuce ta wurin dai, da tsintsiya, sau da dama. Abin da suka faɗa nasu ne.

Alhamis, da azahar

Asibiti. Babban yatsa ya motsa, kaɗan. Sauran shiru. Likita ya ce a ci gaba da atisayen, bai yi alkawarin komai ba. Dogo ya raka mu. A tasi ya zauna gaba, ya ƙanƙame marikin ƙofa tun daga gida har can, Auta yana ta ce wa direba ya ƙara wuta.

Asabar, da yamma

Gasa.

Yau ne Auta ya fara taka titi don raɗin kansa. Ya sa farar rigarsa, Mama ta ɗaura masa sabon ƙyallen rataya. Shago ya cika har waje. Yana shiga wasu suka fara tafi, ya ce, "Duk wanda ya sake tafawa gida zan koma." Aka yi dariya, aka bar shi ya zauna kamar kowa.

Kafin a fara, kyaftin ɗin tawagar masu wankin mota ya miƙe. Ya ce shi ba rigima yake nema ba, amma kowa ya san yayar wani ce ta gina filin nan, kuma ta ɗaure wa ƙanenta masauki. Wa ya san abin da ta ɓoye a ciki? Na ji jinina ya hau, amma na ga gaskiyarsa.

Na ce, "Zaɓi ɓangaren da kake so. In ka ga dama ɗauki nasu. Faɗa mini direbanka da maharbinka."

Ya faɗa. Na buɗe dokokin taswirar a babban sikirin, a gaban kowa, na ɗaure sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Sauran tawagogin suka yi caa, kowa yana son nasa. Na yi musu duka, ina tsaye, kafin lemon hannuna ya huce. Aka gwada, kowa ya sauka inda kyaftin ɗinsa ya ce. Mutumin ya sosa ƙeya ya ce, "Yaya, a yi haƙuri." Na ce ba komai, ya je ya koyi kwana.

Su Auta suka yi ta share mutane har wasan ƙarshe, kuma da masu wankin motar suka haɗu. Waɗannan sun yi wayo. Suka bar su suka ɗauko tuta, su kuwa suka je suka yi kwanton ɓauna a ƙarshen gada, bindigogi a saite. Motar da ta fuskance su ta mutu, don bindigar Dogo tana baya, kan motar ya tare ta. Kowa ya gani. Tela yana ihu, "Koma! Koma!"

Auta bai koma ba. A bakin gadar ya murza motar ta juya kanta, ya hau gadar da baya. Da baya! Gadar da ba shinge, wadda ta karkace a tsakiya, da hannu ɗaya, yana kallo ta kan kafaɗar Dogo. Bindiga ta koma gaba. Dogo ya buɗe wuta ya share su kamar ana sharar tsakar gida. Shagon ya ɗauka gaba ɗaya, wani ya hau kan kujera, mai shago ya manta kujerarsa ce.

Sun tsallake. Amma kafin su kai gida lokaci ya cika, kuma masu wankin mota suna gaba da tuta ɗaya tun zagayen farko. Su suka ɗauki kofi. Mu na biyu.

Na ce mu. To, mu ɗin.

Har muka fito ba mai zancen kofi. Kyaftin ɗin ya biyo mu waje da kofin a hammata, ya ce wa Auta, "Don Allah, da gaske da hannu ɗaya ka yi?" Auta ya ce, "Ɗayan yana hutu ne."

A gida Dogo da Tela suka yi ta kwatanta wa Mama da kujerun falo, wannan gada, wannan mota. Ba ta gane ko ɗaya ba. Ta ce a sake mata daga farko.

Lahadi, da hantsi

Muryata ta dishe. Ashe ni ma na yi ihun.

Litinin, da yamma

Na dawo na sami Auta a falo, ba a ɗaki ba, laftof a cinya. Ya matsa mini wuri.

Ya ce, "Yaya, ki kwance ni."

"Daga me?"

"Daga motar. Ki cire sunana. Gem ɗin ya jefa ni duk inda ya ga dama, kamar kowa."

Na ce in ya jefa shi inda ake buƙatar maus fa? Ya ɗauki maus ɗin ya mayar da shi gefen hagu, ya ce kibod ɗin kuma babban yatsan dama zai fara koyon zama a kai, ai likita ya ce a ba shi aiki.

Layin da ya fi kowanne ba ni wuya a duk taswirar nan shi ne mai sunansa. Na kalle shi na ɗan lokaci. Kyakkyawan layi ne, ba harafi ɗaya da ya zauna a banza. Na goge.

Aka fara. Gem ɗin ya ɗauke shi ya jefa a wani lungu da bindiga a hannu, abokan gaba uku a gabansa. Ya harbi bango, ya harbi sama, ya harbi ƙafar kansa. Suka gama da shi kafin in ƙifta ido.

Ya kwashe da dariya har ƙyallen wuyansa yana rawa. Ya ce, "A sake."

Na sake.